Zaman jeren dangi da matsalar bindiga a Amurka: amsa ga wata uwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni 'yar Katsina ce, muna zaune a Amurka da yara uku. A makarantarsu ana yi musu atisayen ɓuya ko da ɗan bindiga zai shigo, kuma tun da aka yi na ƙarshe autana mai shekara 6 ya koma fitsarin kwance. Yanzu wata ƙungiya a unguwarmu ta gayyaci iyaye zuwa wani zama da suke kira konstaleshan, wai za a binciko tushen son bindiga da tashin hankalin da ke cin yara, har an ce mu zo da yaranmu. Mene ne wannan abu? Yana da amfani? Bai taɓa addini ba? Kuma zai iya taimakon yaranmu na gida da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya tsare mana su duk inda suke. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. In kin ga dama ki je zaman, amma ke kaɗai ko ke da maigida. Kada ki kai yaran, balle autan. Abin da yake bukata daban ne, zan zo kansa.

Ga yadda ake yin abin, wato konstaleshan, wanda zan riƙa kira zaman jeren dangi. Jama'a su zauna a da'ira, da jagora ɗaya. Wani ya kawo damuwarsa a taƙaice. Jagoran ba ya tambayar halin kowa, abin da ya faru kawai yake nema: wa ya mutu da ƙuruciya, wa aka kashe, wa ya yi kisa, wa ya tafi yaƙi, wa aka kora daga gida, wa aka daina ambaton sunansa. Daga nan mai damuwar ya zaɓi wasu cikin mahalarta, waɗanda ba su san shi ba, ya ce kai ka tsaya a madadin babana, ke a madadin mahaifiyata, kai kuma a madadina. Ya dafa kafaɗar kowanne ya kai shi inda ransa ya ba shi a tsakiyar ɗakin, wani kusa, wani nesa, wani yana kallon bango. Sai ya koma ya zauna ya zuba ido. Jagora ya bi wakilan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me suke ji a inda aka tsayar da su. Wani ya ce ƙafafuna sun yi nauyi, wata ta ce ba na iya haɗa ido da wancan, wani ya ce ji nake kamar in fita. Sai a matsar da wannan, a shigo da wanda aka manta, a ba wani gajeriyar magana ya furta, har a kai ga tsayuwar da kowa ya ce ya fi samun sararawa a cikinta.

Idan batun ya wuce gida ɗaya, kamar wanda aka gayyace ku, ba mutane kaɗai ake wakilta ba. Wani zai tsaya a madadin bindiga, wani tsoro, wani doka, wani masu ƙera makamai, wani yaran da aka kashe, wani yaron da ya yi harbin. Sau da yawa a ƙara da mutanen zamanin da: Turawan da suka sauka a ƙasar da bindiga a kafaɗa, 'yan asalin ƙasar da aka kora da ita, bayin da aka tsare da ita a gonakin auduga. Wannan salon na tsayar da abin da ba mutum ba, Matthias Varga von Kibéd da Insa Sparrer ne suka fi tsara shi a birnin Munich na Jamus.

Wanda ya kafa hanyar Bajamushe ne, Bert Hellinger, an haife shi a 1925, ya mutu a 2019. Yana da shekara 17 aka sa shi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, aka kama shi fursuna, ya tsere. Bayan yaƙi ya zama limamin cocin Katolika, ya yi shekara 16 yana aikin mishan a cikin al'ummar Zulu a Afirka ta Kudu, sannan ya ajiye limancin ya koma nazarin halayyar ɗan'adam. Ya tsinci abubuwa daga waɗanda suka riga shi: Jacob Moreno mai warkarwa ta hanyar wasan kwaikwayo, Virginia Satir mai jera 'yan gida a tsaye don a ga yadda alaƙarsu take, da Ivan Boszormenyi-Nagy mai maganar biyayyar ɓoye da 'ya'ya ke yi wa iyaye da kakanni. A shekarun 1990 abin ya bazu a Jamus. Ina ganin ba a gane hanyar sai an tuna inda ta tsiro. Ƙasa ce cike da 'ya'ya da jikokin mutanen da suka yi yaƙi, wasu har da kisan kiyashi, suka dawo gida suka ja bakinsu suka tsuke. Yara suka tashi a gidajen da ake jin akwai wani abu, amma ba mai faɗa.

Koyarwarsa ta tsaya a kan abu uku: duk wanda ke cikin dangi yana da haƙƙin a ƙirga shi, na gaba yana gaba, kuma bayarwa da karɓa su daidaita. Ya ce in aka shafe wani daga lissafi, wani na baya zai ɗauki kayansa ba tare da ya sani ba. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, tunda mu ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inda ake rabuwa shi ne kan yadda kayan ke sauka daga kaka zuwa jika, kuma zan dawo kan wannan.

Me ya sa masu wannan hanya suke ganin za ta ce wani abu a kan bindiga? A nan suna da hujja, kuma alƙaluma na bayansu. Abin da talabijin ke nuna mana harin makaranta ne: Columbine a 1999, Sandy Hook a Disambar 2012 inda aka kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7 da ma'aikata 6, Parkland a 2018 mutum 17, Uvalde a Mayun 2022 yara 19 da malamai 2. Waɗannan ne suka haifi atisayen da ya firgita ɗanki. Amma kaso kaɗan ne cikin yaran da bindiga ke ci. Tun 2020 harsashi ya zarce haɗarin mota ya zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. A 2021 yara 2,590 'yan ƙasa da shekara 18 suka mutu ta wannan hanya, alhali a 2019 adadin 1,732 ne. Kashi 60 cikin 100 kisan kai ne da wani ya yi musu, kashi 32 su suka kashe kansu, kusan kashi 5 tsautsayi ne. Yaro baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau biyar a haɗarin, yawanci a titin unguwa. Yaran farar fata kuwa galibinsu da hannunsu ne, a cikin ɗakunan gidajensu.

Ki lura da inda bindigar ke fitowa. Kusan yara miliyan 4.6 suna kwana a gidan da akwai bindiga da harsashi a ciki, kuma ba a kulle take ba. Hukumar da ke tsaron shugaban ƙasar ta yi nazarin hare-hare 41 da ɗalibai suka kai makarantu tsakanin 2008 da 2017, ta gano cewa kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka yi amfani da bindiga daga gidan iyaye ko na ɗan'uwa na kusa suka ɗauko ta. Saurayin Sandy Hook da bindigogin da mahaifiyarsa ta saya ya yi ɓarnar, kuma ita ya fara kashewa. A Oxford ta jihar Michigan, a Nuwambar 2021, iyaye ne suka saya wa ɗansu mai shekara 15 bindigar da ya kashe ɗalibai 4 da ita bayan 'yan kwanaki. A 2024 kotu ta ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15 kowanne.

Saboda haka in aka ce bindiga a Amurka maganar dangi ce, gaskiya aka faɗa. A gidaje da yawa gado ce. Kaka ya yi farauta da ita, uba ya koyi harbi a hannunsa, shi ma yana jiran ɗansa ya kai munzali ya miƙa masa. A wani gidan tana madadin ɗan'uwan da aka harbe ba a kama kowa ba. A wani tana madadin 'yan sandan da aka daina yarda da su. Wanda yake da irin wannan alaƙa da ƙarfen nan, in kika zo masa da alƙaluma sai ya jawo miki gyara na biyu na kundin tsarin mulki, mai ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, wanda aka rattaba tun 1791, ku yi ta musu har dare. Da wuya ya buɗe baki ya ce tsoro nake ji. A nan ne na ga zaman jeren dangi yana yin abin da musu ba ya yi.

Na taɓa halartar wani zama na manya zalla inda wani magidanci, direban tasi, ya kawo batunsa. Shekarun baya 'yan fashi sun harbe ƙanensa a shagon da yake aiki. Tun daga lokacin ya sayi ƙaramar bindiga ya ajiye a durowar gefen gado da harsashi a ciki. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ya jera wakilai huɗu: shi kansa, matar, ɗansu, da bindigar. Wakilin bindigar ya tsayar da shi dab da kafaɗarsa ta dama, su biyu suna fuskantar ƙofa. Matar can gefe, yaron a bayansu. Da aka tambayi wakilin yaron sai ya ce, ba na ganin fuskar babana, ƙeyarsa kawai nake gani, kuma wannan na kusa da shi ya fi ni matsayi, ina so in je in taɓa shi in ji ko mene ne. Jagorar ta kira wani ya wakilci marigayin, ta tsayar da shi a bakin ƙofa, daidai inda idon uban yake tun farko. Nan mutumin ya fashe da kuka. Ya ce tun ranar jana'iza bai sake ambaton sunan ƙanen a gidansa ba, ɗansa ma bai san yadda baffansa ya rasu ba.

Babu gaibu a cikin wannan. Duk wanda aka tsayar a bayan mutum zai ce ƙeya yake gani, kuma duk yaro yana son taɓa abin da babansa ke ji da shi. Amma an sha faɗa wa bawan Allahn nan da baki bai ji ba, sai da ya gani da idonsa. Wannan shi ne iyakar abin da nake yaba wa hanyar da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aunin amfaninta a wurina ɗaya ne: bayan an tashi, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli ya raba bindigar da harsashinta, ko kuwa ya sha kuka ya koma gida durowar na nan yadda take?

Mabiyan Hellinger da yawa ba su tsaya inda na tsaya ba. Suna cewa akwai wani fili mai sani da ke haɗa dangi, cewa wakilai na karɓar saƙo daga mutanen da ba su taɓa gani ba, har da matattu. Kimiyya ba ta tabbatar da wannan ba. Abin da aka gani ya fi haka sauƙi. Wani mai bincike a Jamus, Peter Schlötter, ya riƙa tsayar da mutane daban-daban a wuri guda cikin jeri, ya tarar bayaninsu na kama da juna. Ma'ana ɗan'adam yana karanta nisa da kusanci da juya baya kamar yadda yake karanta fuska. Ki ƙara da abin da wakili ke tsinta a idon mai damuwar, da inda jagora ke karkata tambayarsa, da kasancewar baƙin cikin gidaje yana kama da juna. Hanyar da tabo ke bi daga kaka zuwa jika ma sananniya ce: uban da ya ga tashin hankali yana saurin fushi ko ya yi gum, yana shan abin da zai mantar da shi, yana koya wa ɗansa cewa duniya daji ce. Babban binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka wallafa a 1998, wanda daga baya ya ƙunshi mutum fiye da 17,000, ya nuna yadda wahalar ƙuruciya ke bin mutum har cikin lafiyar jikinsa da girma.

Game da ko hanyar na warkarwa, shaidar kaɗan ce. A jami'ar Heidelberg an gwada ta a kan manya 208, rabi suka shiga zaman kwana uku, rabi aka bar su a layin jira. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna waɗanda suka shiga sun samu sauƙin damuwa, kuma sauƙin ya kai wata huɗu. A 2021 wasu masana suka tattara bincike 12, mafi yawa sun nuna amfani, amma su kansu masanan sun ce ingancin binciken bai kai a yanke hukunci ba. Duk wannan a kan manya ne masu damuwar yau da kullum. Bai shafi yaro mai shekara 6 da ke cikin firgici ba, bai kuma auna raguwar harbe-harbe a wata unguwa ba. Duk wanda ya ce miki an tabbatar tana rage kisan yara, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Akwai kuma cutarwa, kuma ba na so in sassauta miki ita. A 1997, a birnin Leipzig, wata mata ta kashe kanta bayan zaman da Hellinger ya jagoranta, inda ya yi mata kakkausar magana a gaban jama'a. Ya kuma yi maganganu a kan yaran da aka lalata a cikin gida waɗanda ke sauke wa mai laifi nauyi su ɗora wa uwa da yarinyar. A 2003 da 2004 manyan ƙungiyoyi biyu na masu jinyar iyali a Jamus suka fito fili suka nisanta kansu daga salonsa. A Birazil, inda wasu kotunan iyali suka ɗauki hanyar don sulhu, majalisar masana halayyar ɗan'adam ta ƙasar ta yi gargaɗi a kanta a 2023, musamman saboda matan da ake zaunar da su sulhu da mazan da suka dake su.

A batun bindiga haɗarin yana fitowa ta kafa uku. Ta farko, wakili ya ce yana jin akwai sirri, kakanka ya taɓa kashe wani, sai mutum ya koma gida da zargin da ba shi da tushe ya ɓata zumunci. Ta biyu ita ta fi ci mini rai. A koyarwar Hellinger mai kisa da wanda ya kashe sun zama dangi ɗaya, dole a ba mai kisan gurbi. A ƙasan wannan akwai abu mai kyau, domin yaron da ya yi harbi shi ma ɗan wani ne, kuma sau da yawa ya nuna alamu manya suka kau da kai. Amma a tsayar da uwar da aka kashe wa ɗa a gaban baƙi, a ce ta rusuna wa wakilin wanda ya kashe shi ta ba shi wuri a zuciyarta, wannan zalunci ne a kan zalunci. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne, a lokacin da ya ga dama. Ko a shari'armu waliyyin wanda aka kashe ne ke zaɓa tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ba mai tilasta masa.

Kafa ta uku ita ce a mayar da matsalar dokoki ta zama matsalar zukata kaɗai. Za ki ji ana cewa Amurka ba za ta huta ba sai ta warke daga raunin bauta da na korar 'yan asali. Tarihin gaskiya ne, kuma yana da hannu a wace unguwa ce aka bari cikin talauci har yau. Amma Jamus da Birtaniya ma jini ne a tarihinsu, kuma yaransu ba sa mutuwa haka. Bambancin da ido ke gani shi ne yawan ƙarfen. Ƙiyasin 2017 ya nuna bindigogi miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, kusan 120 ga kowane mutum 100. Da aka kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Sikotland a Maris na 1996, Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a shekarar da ta biyo. Ostireliya, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a Afrilun 1996, ta sayi kusan bindigogi 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Ba su jira zukata sun warke ba tukuna.

Sai maganar addini. Hukunci na malamai ne, kuma yana da kyau ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin zaman yadda na zayyana miki shi. Abin da zan iya shi ne in nuna miki wuraren da ya kamata ki buɗe ido. Wasu na ganin hoton abin sai su ce bori ne. Ba kiɗa, ba gushewar hankali, wakilai suna cikin hayyacinsu. Amma jagoran da ya ce rayukan matattu na magana ta bakin wakilai, ko ana iya sanin abin ɓoye ta wannan hanya, ya shiga da'awar gaibu, ki tashi ki bar wurin. A salon Hellinger ana sa mutum ya sunkuya wa wakilin iyayensa, wani lokaci har goshi a ƙasa. Wannan kina da ikon ki ce a'a, haka ma dafa kafaɗa ko runguma tsakanin maza da mata. Sannan ki riƙe abin da Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, cewa babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Jika na iya gadon tsoron kakansa da fushinsa da shirunsa, amma ba ya gadon zunubinsa. Mu ma muna da tarbiyyar makami tun asali: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani.

Yanzu autanki. Komawa fitsarin kwance bayan an daina abu ne da ake yawan gani ga yaron da ya tsorata, kuma yakan wuce. Duk da haka ki fara da likitan yara a duba fitsarinsa, domin ciwon mafitsara da ciwon suga da taurin bayan gida duk suna kawo haka. Kada a dake shi, kada a yi masa dariya, ki kuma ja kunnen yayyensa. A lokacin da yake cikin natsuwa ki tambaye shi me ya ɗauka atisayen yake nufi. Yara masu shekarunsa da yawa sun ɗauka cewa da gaske wani na zuwa, an ma san ranar. Ki gyara masa da gajeriyar magana ta gaskiya: abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ana koyo ne kamar yadda ake koyon fita in gobara ta tashi, kuma tsaronsa aikin manya ne. Ki rage labarai a gabansa. Ki riƙe masa addu'o'in kwanciya tare da ke, domin abin da ake maimaitawa kullum a lokaci guda yana kwantar wa yaro hankali.

Ki je makarantar ki ga mai ba ɗalibai shawara. Kina da damar neman a riƙa sanar da ku kafin atisaye. A 2020 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar da manyan ƙungiyoyin malamai biyu duk sun yi kira a daina atisayen ba-zata da wanda ake kwaikwayon harbi da jini a gaban yara, don haka ba ke kaɗai ke wannan magana ba. In aka kai wata guda yana mafarkin tsoro, yana ƙin makaranta, ko yana maƙale miki, ki nemi a tura ku wurin mai lasisi da ya iya hanyar jinyar firgicin yara da suke taƙaita sunanta da TF-CBT. An gwada ta a kan yara sau da yawa, kuma ana yin ta tare da uwa ko uba. Zaman jeren dangi akasin haka yake ga ƙaramin yaro: baƙin manya suna kuka, wani na cewa ni ne bindiga, wani ya kwanta a ƙasa a madadin gawa. Ɗan shekara 6 ba ya raba wannan da gaske.

Abu ɗaya kuma da ya fi kowane zama kare yaranki: kafin su je wasa ko kwana gidan wani, ki tambaya ko akwai bindiga a gidan, kuma ko a kulle take. Na san kunyarmu, sai mu ga kamar cin fuska ne. Likitocin yara na can su ke ba da wannan shawara, iyayen can sun saba jin tambayar. Ki yi ta har a gidajen 'yan'uwanmu, domin masu tasi da masu shago a cikinmu ba kaɗan ne suka saya ba. In akwai matashi a gida da ya shiga ƙunci, kada bindiga ta kwana a gidan ko a kulle. Kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka yi yunƙurin kashe kansu da bindiga ba sa tashi, alhali mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Lambar 988, ta agajin masu ƙuncin rai da masu tunanin kashe kansu, tana amsa kira dare da rana.

In kin yanke shawarar zuwa, ki kira jagoran tukuna. Ki tambaye shi ko yana da lasisin jinyar ƙwaƙwalwa a jiharku, domin takardar koyon jeren dangi kaɗai ba lasisi ba ce. Ki tambaye shi yadda yake ɗaukar abin da wakilai ke faɗa. In ya ce hasashe ne da mutum zai auna da kansa, madalla. In ya ce gaskiya ce da filin ya bayyana, ki yi zamanki a gida. Ki tambaya ko mutum na iya ƙin wakiltar mai kisa ko gawa, da kuma wa zai bibiyi wanda abin ya tayar wa tsohon ciwo bayan an watse. Gayyatar da suka yi wa yara ita kanta ta sa ni shakkar ƙwarewarsu. Ki kuma tambayi ƙungiyar me za a yi washegari. A Filadelfiya, share kangwaye da shuka ciyawa a filayen da aka yi watsi da su ya rage harbe-harbe da kusan kashi 29 cikin 100 a unguwannin talakawa, a wani gwaji da aka wallafa a 2018. A Shikago akwai shirin da Gary Slutkin ya fara a 2000, inda tsofaffin 'yan unguwa ke shiga tsakani kafin ramuwar gayya. Iyayen da zaman ya taɓa zukatansu, irin wannan aikin ya kamata a nuna musu.

Game da yaranmu na gida, ban ba da shawarar a kai musu wannan hanya ba. Yaran Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, da dubban da ba a san sunayensu ba a Batsari da Jibiya da Zurmi, halinsu daban ne. Sharaɗin farko na buɗe ciwon zuciya shi ne mutum ya samu aminci, su kuwa har yanzu ana kwana da takalmi a ƙafa. Tambaya ɗaya ce daga hanyar nake so masu zaman sulhu su ara: wa aka bari a waje? Yaron ƙauyen da 'yan bindiga suka kashe wa uba da yaron rugar da 'yan sa-kai suka kashe wa uba a kasuwa duk suna girma da ramuwa a rai, kuma da wuya a ambaci su biyun a zama ɗaya. Wannan aikin dattawa da malamai da sarakuna ne.

Su yaran kansu, abin da aka gwada a wuraren yaƙi irin arewacin Yuganda da Siri Lanka shi ne hanyar KidNET ta masanan jami'ar Konstanz ta Jamus, inda yaro ke ba da labarin rayuwarsa daki-daki ga mutum ɗaya da aka horar, kuma an nuna malaman makaranta da sauran mutanen gari na iya koyon ta. In ke da 'yan'uwanki na can kuna son sa hannu, ku nemi ƙungiyar da ke horar da malaman firamare da na Islamiyya a kan irin wannan, ko ku ɗauki nauyin mayar da wasu yaran aji, da abincin rana da kayan makaranta.